Dalma a Fiffiken Dama

Jirgin yana can sama, ya ƙanƙance kamar shirwa, lokacin da iska ta ture wa Mai Sikeli hula ta gangara cikin ciyawa.

"Auta, karɓi nan. Riƙe shi a miƙe kawai, kada ki yi masa wayo."

Ya danƙa wa 'yarsa rimot, ya sunkuya neman hula. Auta ba gwana ba ce, amma tun tana firamare ya koya mata riƙe jirgi a miƙe, kuma wata da watanni tana jin sa da ƙorafi ɗaya: wannan jirgi hagu yake ja. Saboda haka ta shirya tare shi ta hagu. Sai jirgin ya karkata dama, karkata ta gaske, fiffiken dama ya nutse kamar an rataya masa dutse, hancin ya fara neman ƙasa.

"Baba! Dama yake ja!"

"Hagu yake ja," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Ke ce ba ki san hagunki da damanki ba. Karatu ya cinye."

Da kyar ta tallafo shi, ta danne har ya yarda ya miƙe. Ta juyo don ta mayar masa da kayansa, sai ta ga abin da har yau, in ta rufe ido, shi take fara gani. Hular tana nan cikin ciyawa kusa da takalminsa. Shi kuwa ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannun hagu zuwa kansa, yatsun a tsuke kamar masu riƙe da hula, yana daidaita iska a kan furfurarsa. Tun a ƙasa hular ta zame masa, hannun bai gaya masa ba.

Gabanta ya faɗi, faɗuwar da ba ta ji irinta ba ko ranar da aka kira ta a makaranta aka ce ta zo gida, jikin Mama ya tashi. Wancan karon da baki aka gaya mata. Wannan ita kaɗai ta gani, a filin da babu kowa sai su biyu da tsohon bututun hayaƙin masana'antar bulo.

Ya shafa kai ya ji ba komai, ya dubi ƙasa, ya yi 'yar dariya. "Hular nan ta raina ni," ya ce, ya ɗauka da hannun dama, ya karɓi rimot. Da komawar rimot hannunsa jirgin ya miƙe sumul kamar bai taɓa gardama ba. Amma Auta ta daina kallon sama. Ƙananan sanduna biyu ne a kan rimot, kowane babban yatsa da tasa, kuma ta hagu ita ke juya wutsiyar jirgi. Yatsan hagunsa yana kwance a kan sandar, ya jingina da ita kamar mai gyangyaɗi, ya tura ta gefe, mai yatsan bai sani ba.

"Kin gani? Yau ya ɗan ji magana."

"Eh, Baba," ta ce.

Mutanen layin ba su san shi da wani suna ba sai Mai Sikeli. Shagonsa siriri ne, mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya ba da kafaɗa, yana maƙale tsakanin shagon Tela da wani shago da aka daɗe da garƙamewa. Gyaran ma'auni ya gada. A bango akwai masu ƙugiya irin na mahauta, a ƙasa masu faranti biyu na 'yan hatsi, a lungu wani farin sikelin auna jarirai da aka kawo gyara ba a dawo an karɓa ba. A durowa, cikin akwatin katako mai shimfiɗar koren ƙyalle, duwatsun awonsa na tagulla suke jere, daga babba har wanda sai da hantsaki ake ɗauka.

Yana da ƙa'ida ɗaya da Auta ta haddace kafin ta iya karatu. In an kawo sikeli ana zarginsa, ba ya kwance ko noti. Duwatsu biyu masu nauyi ɗaya yake ɗorawa, kowane faranti ɗaya. Idan gefe ya sauka, sai ya sauya wa duwatsun wuri. In saukar ta bi dutsen, dutsen ne da laifi. In ta tsaya a farantin da take, sikelin ne. Dutsen da ya ci kuwa yana da rami a gindi, nan yake ɗiga masa dalma har ya cika. Amma abin taƙamarsa yatsunsa ne. Ya kan ɗaga dutse ya girgiza hannu sau ɗaya ya ce, "Wannan ya rame," a ɗora a ga hakan ne. Shekara da shekaru yatsun ba su ba shi kunya ba, har ya daina tuhumarsu.

Sai masu batir suka shigo, masu nuna lamba da jan haske, waɗanda in sun lalace ake jefarwa a sayi sabo. Masu kawo aiki suka yi ta raguwa, har ya zama wata rana babu mai leƙowa sai Tela, shi ma don ya ari man keke ko ya tsokane shi.

Ta ƙofar shagon nan jirgi ya shigo rayuwarsa. Wani malamin koyar da sana'a ne ya kawo masa ƙaramin jirgi mai rimot da ya karye, don an ce masa nan ake da ƙananan kayan aiki. Ya gyara, ya bi malamin fili don ya ga ko gyaran ya yi, daga ranar bai sake hutun ƙarshen mako a gida ba. Su kaɗan ne a lokacin: malamin, wani likitan haƙori mai surutu, da wasu 'yan'uwa biyu masu sayar da taya. Malamin ya rasu. Likitan haƙori ya bi 'ya'yansa wata ƙasa. Masu taya suka ɓata, kowa ya daina zuwa don kada ya haɗu da ɗan'uwansa. Samarin da suka zo daga baya da nasu masu farfela huɗu, waɗanda ke tsayawa cak a sama su ɗauki hoto, sun tambaye shi ko nasa yana da kyamara, ya ce a'a, suka koma wani filin.

Mama ba ta taɓa zuwa filin ba. "Mutum da furfurarsa yana bin abin wasa cikin ciyawa," take cewa. Amma ita ta ɗinka wa fukafukan riga da tsohon labule, kuma ita ke leƙa taga da safe ta dubi ganyen bishiya ta ce, "Iska ta kwanta. Tashi ka ba ni wuri in yi shara." Bayan rasuwarta ba mai duba masa ganye. Yaya, babban ɗansa, yana aiki a wani gari mai tashar jiragen ruwa, sai dai waya. Auta tana jami'a. Mai Sikeli ya jingine kujerun falo a bango, ya jawo teburin cin abinci tsakiya, a kansa ya gina wannan jirgin: ja da fari, faɗinsa kamar mutum ya buɗe hannuwa, na katako mara nauyi da aka lulluɓe da leda, irin wanda ake yi don alkafura, ya mirgina, ya kife, ya tafi a rigingine. Abinci kuwa a tsaye yake ci a kicin.

Haka Auta ta tarar da shi da ta dawo da digirinta na labarin ƙasa. Ta aika takardun neman aiki duk inda ta ji an ce, ta zauna jiran waya. Gidan ya yi musu yawa, magana ta yi musu kaɗan. Ta Mama ba ta yiwuwa, ta aiki ba daɗi, sai ya zama jirgin ne kaɗai za su tattauna ba tare da ɗaya ya tashi ya shige ɗaki ba.

Ta ga gyare-gyaren da idonta, ba ta kawo komai a ranta ba. Ya kan dawo daga fili ya ce ɗan banzan nan hagu yake ja. Sai ya tsaya ta bayan jirgin, ya sa yatsa ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, ya ɗaga, ya lumshe ido. "Na hagu ya fi nauyi." Ya huda bakin fiffiken dama, ya cusa dalma irin wadda yake cika duwatsu da ita, ya liƙe da gam. Jirgin ya yi lafiya na ɗan lokaci, sannan ya koma halinsa. Ya kwance inji ya sa masa washa, ɗan zoben ƙarfe, ta baya don farfela ta ɗan kalli dama. Ya ari dutsen gugarta ya gasa ledar fiffike yana murɗawa a hankali. Ya ƙara dalma. Ya sake ƙarawa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, a tafiyar miƙe jirgin yana jin magana, amma in ya ɗaga shi alkafura, sai ya fito daga zagayen a karkace kamar wanda ya sha wani abu. Ya zargi katako, ya zargi gam, ya zargi iska.

Ranar hular, a hanyar komawa gida, tana rungume da fiffiken cikin rigarsa ta labule, abin ya haɗa kansa a kanta ba tare da ta so ba. Hannun da ke tura sanda hagu a fili, shi ne ke cewa hagu ya fi nauyi a gida. Duk dalmar nan don hannun ake zubawa, jirgin ba ya buƙata.

Ta kira Yaya daga kan matakala, inda Baba ba zai ji ba.

"Hula ce ta faɗi, shi ne kike kirana ina bakin aiki?"

"Yaya, bai san ta faɗi ba."

"Ni ma jiya na nemi tabarau yana kan hancina. Tsufa ne, Auta. Ke tun kina yarinya in ƙadangare ya kalle ki sai kin yi zazzaɓi. Zaman gida ne ke damunki, bari aiki ya fito."

"Ka zo ka gan shi."

"Zan zo in an ba ni hutu. Ki saya masa maganin ƙarin jini." Wani ya ƙwala masa kira daga can, ya ce zai sake bugowa. Bai bugo ba ranar.

Washegari ta tsaya shagon Tela kamar mai gaisuwa. Tela abokin Baba ne tun suna samari, gajere, mai tabarau ɗaure da zare, shi kaɗai ke ce masa Kyaftin. Ta fara kewaye-kewaye, ya ɗage ƙafa daga keke.

"'Yata, ke ma kin gani ke nan. Rigunansa ya kwaso min wai na matse ramin maɓalli. Duk na hannun dama. Rigar da na ɗinka tun kina goye, yau ramin ya matse? Hannun hagu da ke ɓalla maɓallin ne ba ya kamawa."

"Ka yi masa magana, Kawu?"

"Na yi. Ya ce in fara kai idona asibiti, ni da nake ɗinka wa mutane hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo." Ya yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba. "Ubanki ba ya jin maganar mutum. Maganar awo kaɗai yake ji."

Sai ta gwada masa awo. Da ya tafi shago, ta ɗaure jirgin da zare ta hanci da ta wutsiya, ta rataye a ƙugiyar fanka. Fiffiken dama ya sauka har ya kusa taɓa tebur. Ta bar shi haka ta zauna jira.

Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. "Wa ya ce ki taɓa min kaya?"

"Baba, dubi yadda ya..."

"Zarenki ne a karkace. An ce miki haka ake awo, kamar shanya?" Ya kwance shi, ya tsaya ta baya, ya ɗora a yatsu. Tana kallo gwiwar hannunsa ta hagu ta fara sauka a hankali, a hankali, fiffiken yana bin ta. "Kin gani? Da saura ma." Ya dube ta da fuskar wanda ya ci gardama. Ta naɗe zarenta ta fice. Ranar kowa a ɗakinsa ya ci abinci.

Da safe ta bi shi shago da shayi a fulas. Ta jira ya zauna, ta jawo durowa, ta ɗauko duwatsu biyu 'yan rabin kilo.

"Baba, ina jin ɗaya ya ci a cikin waɗannan. Duba min. Amma ka rufe ido."

"Yau kuma ni za a yi wa jarrabawa," ya ce, amma ya ji daɗi, ya miƙo tafuka biyu ya lumshe ido. Tela ya leƙo da tef a wuya, ya jingina da ƙofa.

Ta ɗora. Ya girgiza hannu sau ɗaya. "Na hagu ya fi. Wani sakarai ya cika masa dalma."

"To kai ne sakaran, Kyaftin," in ji Tela. "Wa ke taɓa akwatin nan in ba kai ba?"

Auta ta ɗauke duwatsun, ta sauya musu wuri. Tun kafin tagullar ta gama zama a tafinsa ta ga fuskarsa ta canza. Ya gane abin da ta yi, ai shi ya koya mata. Bai buɗe ido ba, bai kuma janye hannu ba, ko da yake da ya so da ya janye. Ya tsaya a yi awon har ƙarshe, kamar yadda yake yi wa sikelin kowa. Hannun hagu ya sauka, ya sauka, har bayan yatsunsa ya taɓa gwiwarsa.

Ya buɗe ido. Da hannun dama ya ɗauki duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a sikelinsa mafi kyau. Allurar ta yi lilo ta tsaya cak a tsakiya. Ya daɗe yana kallon allurar.

"Duwatsun lafiyarsu lau," ya ce. "Hannun ne."

Can Tela ya cire tef daga wuya, ya naɗe, ya sa aljihu. "To tashi in rufe maka shago. Ai ba cinkoso ake yi a ƙofarka ba."

Likitar matashiya ce, ba ta girmi Auta da yawa ba. Ta sa shi ya miƙa hannuwa biyu ya rufe ido. "Wannan gwajin 'yata ta riga ki," ya ce mata. Ta yi murmushi, amma idonta na kan hannun da ke sauka. Ta soka masa tsinke a yatsu, na dama ya ce wash, na hagu ya ce, "Kin fara?" Ta tambayi yaushe abin ya soma, ya ce shi dai yau ya sani. Auta ce ta ba da amsa, da jirgin. Sai da ta yi bayanin fiffike da dalma tun daga farko, tana jin kunya, sannan ta ce dalmar farko tana ciki tun farkon dawowarta daga makaranta, kuma tun daga nan ƙarawa ake yi, ba a taɓa ragewa ba. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biro.

"Wato a hankali yake ƙaruwa."

"Eh."

Ta faɗa musu gaskiya. Zai iya zama jijiya ce ta danne a wuya, wadda ake iya gyarawa. Zai iya zama jini ne ya taɓa toshewa a ƙwaƙwalwa. Zai iya kuma zama wani abu ne ke girma a cikin kai. Ba za a sani ba sai an ɗauki hoto. Aka tura su wani asibitin, aka zura shi cikin na'ura kamar ana mayar da durowa, Auta tana baranda riƙe da hularsa da agogonsa. Da ya fito ya ce injin nasu farfelarsa a lanƙwashe take, da za su bari da ya duba musu. Aka ce babban likita mai karanta hoton ba kullum yake zuwa ba, a bar lambar waya, za a kira. Ta ba da tata.

Tun daga ranar bai buɗe shago ba. Da safe sai ya ce, "Auta, zo riƙe min," ta zama hannun hagunsa. Ta riƙe fiffike, shi kuma ya farke ledar da reza, ya tono dalmar ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a murfin kwalba. Dukansu ba su san ta kai haka ba. Ya ɗora murfin a tafin dama, ya girgiza sau ɗaya, bai faɗi nauyin ba. Ya cire washar bayan inji, ya mayar da fiffiken da ya murɗe. Da aka gama bai ɗora a yatsunsa ba.

"Ɗaga ta baya." Ta ɗaga. "Yanzu zagayo ta gaba, ki sauya hannu." Ta zagayo. "To rataya shi a shanyar taki mu gani." Jirgin ya yi lilo ƙarƙashin fanka, ya tsaya daidai, fiffike da fiffike.

Ta ɗauka an gama, ashe yanzu ya fara. Ya matsar da batir gaba wajen hanci, ya ce jirgi mai nauyin gaba ba ya firgita. Ya cire siraran ƙarafan da ke tura wutsiya da bakin fukafukai, ya mayar da kowanne ramin da ya fi nisa, don ko an ture sanda da ƙarfi jirgin ya amsa a hankali. Ya buɗe rimot ya ɗaure sifirin ɗin sandar hagu, har sai an yi niyya kafin ta karkata. Tela ya kawo maɗaurin da ya ɗinka da ragowar ƙyallen wando don a rataya rimot a wuya, ya ce in jirgin ya faɗa rufin wani kada a ambaci sunansa.

"Alkafura fa, Baba? Ka cire masa duk zafin."

"Zai yi. Ta dattawa."

Ta daɗe tana juya tambayar kafin ta fito. "Wa kake gyara wa? Kai ko ni?"

Ya ci gaba da murɗa noti. "Gyaran ɗaya ne. Da mai hannu ɗaya da matsoraciya, duk jirgi mai haƙuri suke so." Ya ɗago. "Riƙe da kyau, kina girgiza min tebur."

Ba amsar da take so ba ce. Ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta tsaya har fuskarta ta koma daidai.

Wata safiya ta leƙa taga ta ga ganyen bishiyar ko motsi ba ya yi. Maganar ta fito kafin ta tare ta. "Baba, iska ta kwanta." Ya tsaya da kofi a hannu, ya dube ta, ya dubi tagar. Ya ajiye kofin ya je ɗauko rigar labule.

Filin yana nan yadda suka bar shi, ciyawa da bututun hayaƙi. Ta ajiye jirgin a wurin da ƙafarsa ta daɗe da murje ciyawa, ta ja baya. Ya ruga, ya ɗaga, ya hau a miƙe. Da ya yi nisa Mai Sikeli ya ɗage yatsan hagu gaba ɗaya daga sandar, ya bar shi. Jirgin bai ja ko'ina ba.

"Ashe tun farko lafiyarsa ƙalau," ya ce, ba da ita yake ba. "Ni kuwa na yi ta zaginsa."

Sannan ya jawo sandar dama. Jirgin ya hau a hankali, ya kife, cikinsa fari ya kalli sama, ya zagayo, ya fito daidai inda ya shiga. A nan wayar ta yi ƙara a aljihunta. Da can kiran masu aiki take jira. Yanzu ta manta ma waɗanne ta nema. Ta zaro ta. Yaya ne.

"Sakamakon hoton ya fito?" Muryarsa ba irin ta ranar ba ce.

"Bai fito ba, Yaya."

"Ki kira su mana."

"Na kira jiya. Sun ce babban likitan bai zo ba."

Tana jin ƙarar injina a bayansa. "Na nemi hutu, sun ce sai wani ya dawo. Yana ina?"

"Ga shi nan yana tuƙi."

"Tuƙi? Da wane hannun?"

"Ce masa ya sauka daga layi," in ji Mai Sikeli, idonsa na sama. "Kada asibiti su kira su ji ana magana."

Sai a lokacin ta san shi ma kunnensa na kan wayar. Ta yi wa Yaya sallama, ta duba caji, ta duba ƙarar, ta mayar aljihu. Ya sauko da jirgin lafiya, ta sa wa fiffiken rigarsa, suka koma gida, shi ya ce a mayar da shi kan zaren ƙarƙashin fanka. Hoton yana asibiti, babban likitan bai karanta ba tukuna. Har yau ba a kira ba.